Takalmin Ruwa a Ƙofar Alhaji

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka tarar akwatin ba ya nan.

Ba wani ƙaton abu ba ne, baƙin ƙarfe ne mai faɗi wanda mutum ɗaya zai runguma ya tafi da shi. Amma daga Dubai aka sayo shi, kuma duk ƙaurar kamfanin Alhaji Alkasim a kansa ta rataya. Kamfanin na sayen gero da wake da aya ne, yana da mangazar ajiyar hatsi a Tsibiri da gonakin ban ruwa a Jiratawa, a makon nan kuma yake tashi daga tsohon bironsa, wato ofishinsa, na bakin kasuwar Maraɗi zuwa sabon bene a unguwar Zariya. Salim, ɗan Alhaji, wanda ya dawo daga karatu aka ba shi dirakta, shi ya rantse ba za a ja tsofaffin wayoyin tarho zuwa sabon gini ba. Kira zai koma bi ta intanet, akwatin ne zai riƙa raba shi ɗaki-ɗaki, a huta da tsada da yankewar layi. Alhaji bai hana ba, ya dai ce shi ba zai rabu da tsohon tarhonsa ba sai ya ji sabon da kunnensa. Yana da hujja. Shekarar ce daminar baya ta yi gardama, soja na riƙe da ƙasa ana ta jiran zaɓe, farashin gero kuwa yana canzawa tsakanin hantsi da azahar. Mai hatsin da tarhonsa ya yi shiru yini guda ya san ta same shi.

An ajiye akwatin a ɗakin Alhaji na tsohon biro, wanda aka riga aka kwashe kujerunsa da dardumarsa. Aka sa kwado, aka ɗora makullin bisa dokin ƙofa, inda kowane ɗan gida ya sani. Maza duka sun tafi masallaci, har mai gadi. Mutum ɗaya ya rage a ginin, Madam Tahira, wadda ke zaune gaban na'urar haɗa kira tun Salim yana ɗan lakkol, wato makarantar boko.

Kafin la'asar an gama yi mata shari'a a tsakar gida. Wa sabon akwati zai raba da aikinsa? Ita. Wa ya rage a gida? Ita. Ta ce tana ɗakinta ta rufe ƙofa tana salla, injin wuta na ruri, ba ta ji komai ba. Aka kalli juna. Masu ɗaukar buhu, waɗanda take kira wa gida in matansu sun haihu, su suka fi kowa kaɗa kai. Salim ya ce a tafi komisariya yanzu-yanzu. Alhaji ba ya son ɗan sanda a harkar gidansa, don haka ya ce a dakata: ranar Lahadi da safe za a yi addu'ar buɗe sabon biro, in aka shafa fatiha ba a san ɓarawo ba, Salim ya kai ta. Tahira ta roƙi abu ɗaya, a kirawo mata yayanta daga Tsibiri.

*

Zakariya'u mai bin sawu ba baƙo ba ne a gidan. Shi ya taɓa bin shanun Alhaji har bakin iyaka ya komo da su, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Dogon tsoho ne mai kaifin ido, ba ya rabuwa da sanda da 'yar ƙwarya a rataye. In ana yabonsa yakan taya, in an rage wani abu ya cikasa. Amma da ya sauka daga kabu-kabu ya ga ƙanwarsa zaune ita kaɗai a kan benci, kowa ya ja jikinsa, sai ransa ya ɓaci, sha'awar surutu ta fita daga kansa.

Salim ya ce ai wannan wasa ne, a ce ɗan'uwan wadda ake tuhuma shi zai yi bincike.

"Dirakta, ni ƙasa nika tambaya," in ji Zakariya'u. "In sawu ya kai ni ƙohwar ɗakinta, da bakina za ka ji."

Ɗakin Alhaji kuwa an gama da shi. Duk wanda ya ji labari sai da ya shiga ya ga wurin da akwatin ba ya nan, sun tattake daɓen kamar masussuka. Zakariya'u ya yi musu tas, ya kore su, ya koma tsakar gida. Nan ƙasa ta yi masa kirki, don an yi ruwa ranar Alhamis. Daga ƙofar baya wani ya shigo da takalmin ruwa irin na masu ban ruwa, diddigen hagu da facin roba, ya zo har bakin ɗakin Alhaji. Can gefe, jikin bango inda 'yan kallo ba su taka ba, takalman biyu sun bar shaida a jere tsaf. Ya duba su, bai ji abin da suke faɗa ba, ya wuce. Sawun komawa ya fi nutsewa, alamar an ɗauki kaya. Ya bi shi har lungun baya, nan ya ɓace ƙarƙashin ƙafafun duk jama'ar da ta sauko daga masallaci.

Sai ya zauna ya ji ta bakin mutane. Salim ya ce a Zariya ya yi salla, yana magana yana duba agogo. Samira, injiniyar da aka ɗauko ta haɗa sabon tsarin, 'yar Maraɗi da ta yi karatu a Yamai, ta ce tana sabon gini tana jan waya. Ta fi kowa shiga damuwa, don in babu akwatin aikinta ya zama ado a bango.

Idirisa kuwa, babban mai saye na kamfanin, da kansa ya kawo wa Zakariya'u ruwa da goro. A gidan Alhaji ya tashi, daga sharar zaure har ya kai ga riƙon amanar kasuwannin ƙauye. Yanzu yana da nasa rumbunan, ya kuma yi suna da sanin kasuwa. Kafin gero ya tashi a birni Idirisa ya riga ya saye na ƙauye, har ana raɗe-raɗin wata 'yar bori ke gaya masa. Ya yi magana a hankali, ya ce shi tausayin Madam yake ji. Mace ce mai marayu, an ce za a raba ta da abincinta, ko waye zai iya ruɗewa. In ta fito da kayan, shi zai roƙi Alhaji a rufa asiri. Zakariya'u ya yi masa godiya, don ranar shi kaɗai ya ambaci sunanta da sanyin baki.

*

Labari ya riga su isa Tsibiri. Mata na ta shigowa jaje, irin jajen da ake zuwa don a ga yadda fuskar mutum ta koma. A mangazar kamfani ma an ƙara gishiri: wai ba akwati kaɗai ba ne, dama can tana sauraren maganar mutane tana sayarwa. Wannan ya fi komai yi wa Tahira ciwo.

"Yaya," ta ce da shi bayan magariba, da suka rage su biyu, "saki ya bi ta hannuna, rasuwa ta bi, cinikin da ko matan Alhaji ba su sani ba ya bi. Ban taɓa kai ma kowa ko kalma guda ba. Aikin su ɗauke abinsu, na gaji dama. Sunana nika so."

Zakariya'u tsoro ya ji, abin da bai saba ji ba, don duk abin da ke hannunsa sawun takalmi ne, takalmi kuwa kowa na iya sawa.

*

Da sassafe ya nufi Jiratawa. Fadama ta yi kore shar, masara da zogale ko'ina, ruwa na gudu a hanyoyinsa. Bai sha wahala ba. Facin nan yana nan a busasshiyar laka bakin kowace hanyar ruwa, kuma ko yaron goye a wurin ya san na Maman Lawali ne, shugaban ma'aikatan gonar Alhaji. Nan da nan aka taru, ana ta ƙus-ƙus cewa ga wanda Madam ta aika.

Maman Lawali ƙato ne, mai saurin dariya da saurin fushi, ya kuma yi su duka biyun. Ya ce takalma nasa ne, bai musa ba. Ranar Alhamis ya je Maraɗi taya kwasar kaya, ya jefa su bayan motar kamfani, ya manta da su, tun ranar da ƙafa yake shiga ruwa. Ranar Juma'a kuwa shi ya yi ladanci a masallacin garin, kuma muryarsa ba irin wadda ake mantawa ba ce ko ana so. Mutane suka shaida. Zakariya'u ya sa shi ya yi tafiya a gabansa. Takunsa mai faɗi ne, yana danne ƙasa. Na Maraɗi kuwa jan diddige yake yi, ƙafa ce da takalmin ya yi wa yawa. Ashe duk wanda ya ratsa tsohon biro ranar Alhamis yana iya ɗaukar su daga bayan mota. Rabin yini ya tafi a banza, gobe kuma Lahadi.

Ya zauna gindin mangwaro yana jin haushin kansa har aka kira azahar. Ma'aikata suka fito daga ruwa zuwa ɗan filin salla, kowa ya tuɓe takalminsa ya ɗauka da hannu ya jera a gefe. Ya bi su salla. Ana sallamewa wani ya ɗauki nasa ya yi gaba, idon Zakariya'u ya faɗa kan gurbin da suka bari: biyu a jere tsaf, ba su nutse ba, don babu nauyin mutum a ciki. Irin shaidar da ya gani jikin bangon Alhaji ya wuce ta. Ya zabura ya yi bakin hanya, sai da Maman Lawali ya biyo shi da sandarsa.

*

La'asar ta yi sanyi ya iso tsohon biro. Ya tarar da Samira tana naɗe wayoyi, ya ce ta zo ta zama shaida. Suka shiga ɗakin Alhaji, ya tura ƙyaure ya rufe. 'Yan kallo duk a buɗe suka tarar da ƙofar, ƙyauren ya kare musu kusurwar da ke bayansa. Ɓarawo kuwa dole ya rufe kansa a ciki. A wannan kusurwa farar ƙurar siminti ta kwanta daga inda aka ɓamɓare wayoyi a bango, hasken taga ya faɗo a karkace, ga shi nan a fili: sawun ƙafar dama, babu takalmi, ƙafar namiji. Yatsa na biyu bai taɓa ƙasa ba, da alama kan babban ya hau.

Zakariya'u ya yi hamdala a bayyane. Ƙafar Tahira ya san ta tun tana rarrafe, wannan ba ita ba ce. Ya auna tsawo da faɗi da karan dawa, Samira ta ɗauki hoto da salularta, sannan ya kife ƙwaryarsa a kai.

"Baba, ɓarawo kuma da tuɓe takalmi?"

Ya tambaye ta ko ita tana tuɓewa in za ta shiga nan. Ta ce a'a, mai aikin wuta ba ya tafiya ƙafa a ƙasa. Salim ma, ta lura, da takalminsa yake faɗawa ɗakin ubansa.

"To kin gani, ɗiyata. Wanga ya ɗauki takalmin wani don shi ɓad da ni. Ya iso ƙohwar Alhaji, ƙahwarshi ta yi abin da ta saba. Alhaji ba ya ciki, darduma ba ta ciki, amma ya tuɓe."

Sai dai waɗanda suka tashi a hannun Alhaji suna da yawa, direbobi da masu awo da mai gadi, kuma Salim zai ce ai hayar ɗaya daga cikinsu ta yi. Abin da Zakariya'u ya kasa gani shi ne me zai sa ɗan gida ya ƙi jinin akwati. Ya ce da Samira wannan sawun nata ne, shi bai iya shi ba. Ta ja shi bayan ɗakin ta nuna masa wata siririyar waya. A jikin layin Alhaji aka ɗaura ta, ta bi bango ta shige ƙasa, ba ta zuwa tarhon kowa a ginin. Tun Laraba ta gan ta, har ta faɗa a gaban mutane cewa da zarar akwati ya fara aiki za ta bi ta ga ƙarshenta.

Waya dai ba ta da sawu, amma ramin da aka bizne ta yana da shi. Zakariya'u ya sunkuya ya ga inda ruwan damina da damina ya lotsa ƙasa siriri, ciyawa ta bi layin ta fi ta gefe tsawo. Suka bi shi, shi a gaba ita a baya, suka fita lungu, har wani tsohon ɗakin kamfani da ake tara buhunan banza, wanda ƙofarsa igiya kawai ke riƙe da ita. Ƙarƙashin buhunan suka tarar da 'yar tabarma, da tsohon tarho ya sha hannu har ya yi sheƙi, da takalmin ruwa mai faci. Akwatin na can ƙurya, ko ƙwarzane bai yi ba.

Samira ta rungume shi kamar ɗanta. Ta ce duk wanda ya zauna nan ya ɗaga tarhon, zai ji abin da Alhaji ke faɗa wa Kano da Kwatano tun kafin mutanen gida su ji. A sabon tsari kuwa babu wayar da za a ɗaura a saci magana. Muddin akwati bai yi aiki ba, Alhaji na kan tsohon layi, mai saurare na kan tabarmarsa.

Zakariya'u ya ɗauka an gama. Da aka kirawo Alhaji da ɗansa sai magana ta juye. Salim ya ce to ga shi nan, dama an faɗa. Wa ya san sirrin waya a gidan nan in ba mai haɗa kira ba? Alhaji ya daɗe yana kallon tarhon, fuskarsa ta yi baƙi.

"Kaya sun komo, na gode," ya ce. "Amma wanda ya zamna nan yana jin maganata, ba ni yahe mashi. Gobe tana nan yadda munka yi."

Wani suna ya zo bakin Zakariya'u, ya haɗiye shi. Suna daga bakin yayan wadda ake tuhuma ba zai yi nauyin komai ba. Bai ce uffan game da abin da ke ƙarƙashin ƙwarya ba, ya kuma yi wa Samira ido. Ya roƙi dai a kawo amalanken yashi daga Gulbi a baza a ƙofar sabon biro, tsakanin inda za a tuɓe takalma da tabarmi, a yayyafa masa ruwa don kada ƙura ta dami malamai. Alhaji ya ce wannan ai ba wani abu ba ne.

*

Lahadi da hantsi Zariya ta cika. Malamai da alhazan hatsi da ma'aikata, har Maman Lawali ya zo daga Jiratawa da wankakkiyar riga. Salim ya ajiye motarsa a bakin titi, hancinta na kallon hanyar komisariya. Tahira na gefen mata da farin mayafi, an bar mata fili dama da hagu.

Zakariya'u ya tsaya bakin yashi kamar mai tarbar baƙi, baki na gaisuwa ido na ƙasa. Da yake Alƙur'ani za a sauke, kowa tuɓewa yake. Ƙafafu suka yi ta wucewa, masu kaushi da masu laushi, da na alhazai a cikin safa, waɗanda duk wucewar ɗaya sai gabansa ya faɗi. Har malamai sun fara karatu bai ga komai ba. Can mutanen gida suka shigo da tiren goro da dabino, suna ratsawa da sauri. Da suka wuce ya duba, ya cire hularsa ya kife a kan yashi, ya tsaya kanta da sanda. Mutane suka riƙa kewaye shi, wasu na cewa tsufa ya fara taɓa mai sawu.

Ana shafa fatiha Salim ya miƙe yana kaɗa makullin mota.

"Ranka shi daɗe, Alhaji, a ba ni aron kunne kaɗan," in ji Zakariya'u.

Ya faɗi labarin takalmin ruwa, da yadda aka jera shi a gefen ƙofa, da abin da ya tarar bayan ƙyaure. Samira ta miƙa wa Alhaji hoton. Sannan ya ɗaga hularsa, ya ɗora karan dawa a kan sawun da ke yashi, ya zauna daidai. Ga gurbin yatsa na biyu babu komai. Alhaji ya duba hoto, ya duba ƙasa, ya sake duba hoto. Zakariya'u ya ce shi ba zai kira sunan kowa ba, tunda an ce shi ɗan'uwa ne. A share gefe guda, duk ɗan gida ya taka, kowa ya gani da idonsa.

Maman Lawali ya fara, yana dariya, ya bar abu kamar faifai. Mai gadi ya taka, direbobi suka taka, masu awo suka taka. Salim ya tuɓe safa a fusace ya taka. Tahira ta taso ba wanda ya kira ta, ta ɗora tata ta koma. Kowa yatsunsa biyar cif. Saura mutum ɗaya, yana zaune a ƙarshen tabarma ya naɗe ƙafafu cikin riga. Ya ce ƙafarsa ce ta sage, a ɗan ba shi lokaci.

"Idirisa, taso," in ji Alhaji, a hankali.

Idirisa bai taɓa jin wannan murya ya zauna ba. Ya taso, ya taka, ya ɗaga. A sabon sawun ma yatsa na biyu bai taɓa ƙasa ba. Idirisa ya tsaya yana kallon sawunsa guda biyu a kan yashi kamar yau ya fara ganin ƙafarsa.

"Wallahi Alhaji, ban ma san na tuɓe su ba."

Sauran maganar a durƙushe ya yi ta. Wani mai gyaran waya da ya taɓa ratsowa ya sa ya ja masa layin, shekaru ke nan. Babu 'yar bori, babu komai, kunne ne kawai. Bai yi niyyar sayar da akwati ba, so yake a jinkirta har kakar bana ta wuce. Bai shirya abin ya faɗa kan Madam ba, amma da ya faɗa sai ya ga hakan ma ya yi masa.

Alhaji ya ji shi har ƙarshe. "Tuɓe takalmi a ƙohwata, ni na koya maka," ya ce. "Sauran ban san wa ya koya maka ba."

Motar da aka ajiye a bakin titi ta tashi, da Idirisa a kujerar baya tsakanin direbobi biyu. Salim bai bi ba. Ya zo gaban Tahira ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ce Madam ta yi haƙuri. Matan da suka bar mata fili tuni suka matso, kowace na cewa ita dama zuciyarta ba ta yarda ba.

*

Alhaji ya kira Tahira gaban jama'a ya nemi gafara, ya ce sabon tsarin ma a hannunta zai zauna, Samira ta koya mata.

"Na yahe, Alhaji. Amma ba nan kaɗai anka ɓata ni ba. A mangazar Tsibiri anka ce ina saida maganar mutane. A Jiratawa ma an hwaɗa."

Ya ce gobe da kansa zai je wuraren biyu. Samira ta ce ba sai gobe ba. Tun jiya da yamma ta haɗa akwatin, sababbin tarho kuma suna can Tsibiri da Jiratawa tun farkon mako suna jira. Aka fito da ɗaya bakin baranda da doguwar waya. Ta nuna wa Tahira inda za ta danna sau ɗaya kawai, hannun da ya saba bai nemi a maimaita ba. Tsibiri ta ɗauka, Jiratawa ta ɗauka, duka a lokaci guda, murya garau kamar suna bayan labule. Alhazan hatsi suka miƙa wuya. Aka ce kowane wuri ya tara mutanensa, a buɗe lasifika.

Wannan shi ne kiran farko da Alhaji Alkasim ya yi a sabon tarho. Bai tambayi farashin komai ba. Ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan ɓarawo, ya ce Tahira ta riƙe masa amana tun ƙuruciyarta, duk wanda ya ɗauki wata magana ya kai wani gida, ya koma gidan yau ya gyara ta. Daga Jiratawa aka ji kabbara. Daga Tsibiri, cikin matan da ke tsince wake a mangaza, wata ta rangaɗa guɗa har lasifikar ta yi ƙara, matan Zariya suka karɓe ta. Zakariya'u ya ji idonsa ya cika, bai ɓoye ba.

Tahira ta matso bakin tarhon, ta jira guɗa ta lafa.

"Tasalla, na ji muryarki. Aika gidana a ce ma ɗiyana su buɗe ƙohwa su hito waje, tun shekaranjiya ba su leƙa ba. Ki ce masu ina nan tahe yanzu da rana, kuma bakin tasha zan sauka in taka da ƙahwata har gida."

Ta ajiye tarhon, ta gyara mayafinta. Zakariya'u ya kakkaɓe yashin hularsa ya sa, ya ɗauki sandarsa, ya bar ta ta shiga gaba.